Wa Ke Leƙa Ɗakin Tsohuwa? Tarihin Jinyar Gida A Ingila

 Ga taƙaitaccen abin da muka kawo a filinmu na tarihi, mun buga shi saboda wanda yake daji da dabbobi ko yake kan hanyar kasuwa lokacin da aka watsa shirin.

Duk wanda sana'arsa tafiya ce ya san wannan damuwa. Makiyayi ya kora shanu kudu da rani, wata huɗu, wata biyar bai waiwayo gida ba. Ɗan kasuwa yau yana Jibiya, gobe Maraɗi, jibi Illela ko Birnin Ƙonni. A gida kuwa ga tsoho ko tsohuwa da ƙafa ta daina ɗauka. A da gidajenmu manya ne, ga surukai ga jikoki, ba a rasa mai miƙa ruwa. Yanzu gidaje da yawa sun watse, sai a nemo wata a ce ta zauna da Inna, a riƙa turo mata ɗan abin da ya samu, ko naira ko sefa. To, in an tura ƙyauren ɗakin nan, wa ya san abin da ke faruwa a ciki?

Mutanen Ingila sun yi sama da shekara 160 suna fama da wannan tambaya. Wani wuri sun dace, wani wuri sun tafka kuskure har da asarar rayuka. Shi ya sa muka ɗauko tarihinsu yau.

Kafin a san horo

A farkon ƙarni na 19 masana'antu suka kwashe mutanen ƙauyukan Ingila zuwa birane. Iyali ya rarrabu, kowa ya tafi neman na tuwo. Tsohon da ba shi da mai kula da shi, hanyarsa biyu ce. Ta farko a kai shi gidan gajiyayyu na hukuma. Dokar talakawa ta 1834 ta sa an tsananta zaman waɗannan gidaje da gangan, don kada kowa ya yi sha'awar shiga, har miji da mata ana rabawa. Ta biyu, in akwai 'yan kuɗi, a ɗauko mace 'yar haya ta kwana da majinyaci. Irin waɗannan mata ba wanda ya koya musu aikin, ba kuma wanda yake bin sawunsu. Akwai na kirki a cikinsu, amma sunan sana'ar ya ɓaci ƙwarai. Marubucin nan Charles Dickens, a wani littafinsa da ya fito tsakanin 1843 da 1844, ya siffanta wata mai jinyar haya mai suna Gamp, mashayiyar barasa wadda jin daɗin kanta ya fi damunta a kan halin majinyaci. Mutane suka ga abin da suka saba gani ne, har sunan nata ya zama abin zagi ga duk mai jinyar da ba ta san aikinta ba.

Ɗan kasuwa ne ya fara gyara

A birnin Libaful, wanda masu kallon ƙwallo suka sani da kulob ɗinsa, an yi wani attajiri mai suna William Rathbone. Gidansu gidan fatauci ne ta jiragen ruwa. A 1859 matarsa ta kwanta ciwon ajali, ya ɗauko wata ƙwararriyar mai jinya, Mary Robinson, ta kula da ita a gida har rai ya yi halinsa. Ganin sauƙin da matar tasa ta samu a hannun wadda ta san aiki, sai ya tambayi kansa: to talakan da ba shi da ko sisi fa, yaya yake ƙarewa a ɗakinsa?

Sai ya ce wa Mary Robinson ta yi wata uku tana shiga unguwannin talakawa gida gida, shi zai biya. Wata ɗaya kacal ta yi ta dawo ta ce ba za ta iya ba, abin da idonta ya gani na ƙazanta da yunwa ya fi ƙarfinta. Ya lallashe ta ta cika alkawari. Da wata ukun suka cika, ita da bakinta ta ce wannan aikin za ta ci gaba da yi.

Rathbone ya so ya ƙara ma'aikata, amma ya duba ko'ina babu horarru. Ya rubuta wa Florence Nightingale, matar da ta yi suna wajen gyara aikin jinya, ta ba shi shawarar ya horar da nasa. A 1862 aka kafa makarantar koyon jinya a jikin babban asibitin Libaful, shi ya biya kuɗin ginin. Bayan 'yan shekaru aka raba birnin gunduma 18, kowace gunduma da nas ɗinta.

Ga inda muke so ku kasa kunne. Ba a saki nas ta yi ta yawo ita kaɗai ba. Kowace gunduma an ɗora mata wata mata mai mutunci a gari, ita ke duba aikin nas ɗin, ita ke samo abinci da kayan jinya, ita ake kai wa ƙara. Nas tana rubuta gidan da ta shiga da abin da ta tarar. Wato tun ranar farko abu biyu aka haɗa, horo da ido na biyu.

A 1887 Sarauniya Biktoriya ta cika shekara 50 a kan gadon sarauta. Matan ƙasar suka tara mata gudummawa, aka ware fam dubu 70 daga ciki aka kafa cibiyar horar da masu jinyar gida ta ƙasa baki ɗaya. Cibiyar ta sa ƙa'idar horo, ta buɗe rajistar sunaye, ta kuma naɗa sufetoci masu zagayawa har ƙauyuka suna bin nas zuwa gidajen da take aiki. A 1948, da aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa, jinyar nas a gida ta zama kyauta, ƙananan hukumomi kuma suka riƙa tura mata masu taya tsofaffi shara da girki da cefane.

Inda aka yi sake

Kada mai sauraro ya ɗauka daga nan komai ya daidaita. Abu biyu sun faru da suka nuna gyaran bai ƙare ba.

Na farko labarin wani likita ne, Harold Shipman, a garin Hyde kusa da Mancesta. Mutanen garin suna yabonsa saboda yana bin tsofaffi har gida. Ashe in ya shiga ya tarar da tsohuwa ita kaɗai, allurar maganin kashe zafi mai ƙarfi yake danna mata fiye da ƙima, sannan shi ɗin dai ya rubuta takardar mutuwa ya ce tsufa ne ko ciwon zuciya. Wa zai yi musu da likita? A farkon 1998 wata likita a garin ta kai ƙorafi cewa mutuwar ta yi yawa a hannunsa. 'Yan sanda suka yi bincike sama sama suka rufe, bayan nan ya kashe ƙarin mutum uku. Asirinsa bai tonu ba sai da ya ƙirƙiri wasiyyar jabu da sunan wata tsohuwa, wai ta bar masa dukiyarta. 'Yarta lauya ce, ta duba takardar ta ce wannan ba aikin mahaifiyarta ba ne. A watan Janairu na 2000 kotu ta same shi da laifin kashe mutum 15. Kwamitin binciken da aka kafa daga baya ya ƙiyasta waɗanda ya kashe sun kai kusan 250, yawancinsu tsofaffin mata. Horo kam yana da shi, takarda yana da ita. Abin da babu shi ne mai duba bayansa.

Na biyu ba kisa ba ne, sakaci ne na yau da gobe. Wata doka ta 1990 ta buɗe wa kamfanoni masu zaman kansu ƙofa, ƙananan hukumomi suka koma sayen aikin kula da tsofaffi daga hannunsu, galibi wanda ya fi araha shi ke samun kwangila. Araha kuwa a jikin ma'aikaciya take fita: albashi kaɗan, gidaje da yawa, wasu ko lokacin da suke ɓatawa a hanya ba a biyansu. A 2011 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta fitar da rahoton bincike. Wajen rabin waɗanda suka ba da shaida sun ce sun gamsu da aikin da ake yi musu. Amma an samu tsofaffin da ake ajiye wa abinci a tafi alhali ba sa iya kai loma baki, da waɗanda ake bari cikin shimfiɗar da suka ɓata, da waɗanda ake ɗebe wa kuɗi kaɗan kaɗan. Wata ziyarar minti 15 ce, a ciki ake so a tayar da tsoho, a wanke shi, a ciyar da shi. Da yawansu ba su taɓa kai ƙara ba, suna tsoron kada a janye ɗan taimakon da suke samu.

Yanzu a Ingila kamfanin da zai tura ma'aikaci gidan tsoho sai ya yi rajista, kuma tun 2009 akwai hukuma guda mai duba su. Ana binciken ko mai neman aikin ya taɓa aikata laifi. A 2015 aka fitar da ƙa'idar cewa ziyarar kula da jikin tsoho kada ta gaza minti 30 sai da dalili. Duk da haka ma'aikata ba su isa ba, har a 2022 suka sauƙaƙa biza ga masu wannan aiki daga waje, 'yan Najeriya da Gana da yawa suka tafi.

Mu fa?

Ba muna cewa a kwaso tsarin Ingila a dasa a ruga ko a Maigatari ba. Tsohonmu ya fi son ɗakinsa da jikokinsa, addini da al'ada kuma a wuyan 'ya'ya suka ɗora shi. Ita ma Tarayyar Afirka, a yarjejeniyar haƙƙin tsofaffi da ta amince da ita a 2016, cewa ta yi gwamnatoci su tallafa wa iyalan da ke riƙe da tsofaffinsu a gida. Najeriya ta sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018. Sai dai kafin takarda ta iso ƙauye, Inna tana nan kwance, dole mu yi abin da ke hannunmu.

Abin da tarihin nan ya nuna, ai mun riga mun san shi a sana'armu. Wa ke ba bare garke bai tambayi asalinsa ba, bai kuma zo ya ƙirga ba? Wa ke sayen sa a kara ba dillalin da ya tsaya wa mai sayarwa? Wane maigida ne ke barin yaron shago shekara ba lissafi? To abin da muke yi wa shanu da buhunan kaya, uwa da uba sun fi cancanta da shi.

Wadda za ta zauna da tsohuwa, a san gidansu, a san wanda ya tsaya mata. A kai ta wurin ma'aikacin lafiya na asibitin da ya fi kusa, ko na wuni ɗaya ne, ya nuna mata yadda ake juya wanda ba ya iya juya kansa kamar duk bayan awa biyu don kada baya da ƙugu su yi gyambo, da yadda ake ba da ruwa a kai a kai lokacin zafi ko tsoho bai ce yana jin ƙishi ba. A nuna mata wane magani ne na safe, wane ne na dare, kuma kada a ƙara da na 'yan talla don wai ya samu barci. Da hunturu kada a rufe ɗaki da kaskon garwashi a ciki.

Sannan a sa mutum na biyu, wanda ba shi ke jinyar ba: ƙanwar uba, maƙwabciya, matar liman. Ta riƙa shiga ba sanarwa, ta ɗaga zane ta duba baya da dugadugai, ta duba shimfiɗa da kwanon abinci. Gani ya kori ji. Kuɗin abinci da na magani kada su bi hannu ɗaya da ladan mai jinya. In ka bugo waya daga daji ko daga tasha, ka ce a miƙa wa Baba, a kuma ba shi wuri ya yi magana shi kaɗai, don tsoho ba ya kai ƙarar mai ba shi abinci a gabanta.

Ita ma mai jinyar a yi mata adalci. Mary Robinson ƙwararriya ce, amma wata ɗaya ta yi ta nemi gudu. Ina ga yarinya 'yar shekara 13 da aka ɗauko daga ƙauye, ko amaryar da aka bar wa suruka da goyo da girkin gida? Wadda ba ta barci, ba a biya ta kan lokaci ba, ba mai karɓarta ko na yini ɗaya, ko ba ta da mugun hali wata rana hannunta zai yi nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan'uwa su raba kwanaki, wanda ke nesa ya ɗauki nauyin kuɗi, a faɗi ladan a fili kuma a cika.

Kafin ka kora dabbobi bana, ko ka ɗaure kaya a mota, zauna da mutanen gida a tsayar da magana: wa ke jinya, wa ke leƙawa, wa za a kira in dare ya yi jiki ya rikice. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, waɗanda suka riga mu Ya jiƙansu, matafiya kuma Ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.