Galahanga: Hannun Wa Za A Miƙa Yaron?



Wanda ya taso daga Riruwai zai je birnin Kano, sai ya keta dajin Falgore, ya ratsa Tudun Wadan Dankadai, ya ɓullo Kwanar Dangora, sannan ya hau titin Zariya. Wannan ce tazarar da ke tsakanin uwa 'yar Doguwa da likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano ko Dawanau, idan ɗanta ya kai shekara huɗu bai fara magana ba, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, yana toshe kunne da zarar an tayar da injin niƙa. Kafin ta tara kuɗin mota an riga an ba ta amsa a gida. Wani ya ce shafar aljanu ce, wata ta ce sammun kishiya ne, wasu su ce ɗan ruwa ne. Kowace amsa kuma da mai maganinta a tsaye yana jira.

Lalurar da gidajen rediyo ke kira galahanga ba ta daɗe da samun suna a likitance ba. A 1943 ne Leo Kanner, likitan ƙwaƙwalwar yara a Amurka, ya wallafa bayanin yara 11 masu wannan hali. Na farkonsu shi ne Donald Triplett, ɗan wani ƙaramin gari a jihar Misisipi. Iyayensa sun taɓa kai shi gidan jinya, daga baya suka ɗauko abinsu. Ya yi karatu, ya yi aiki a banki, ya koyi tuƙi, ya zaga ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89 a cikin mutanen garinsu.

Abin da ya biyo bayan Kanner shi ne ɗora wa uwa laifi. Masana na wancan zamani suka ce uwa ce ba ta nuna wa ɗanta ƙauna ba, har suka laƙaba mata sunan uwa mai sanyin firji. Bruno Bettelheim ya yaɗa wannan ra'ayi da littafinsa na 1967, kuma ya goyi bayan a raba yaro da iyayensa. Bernard Rimland, wanda shi ma uban irin wannan yaro ne, ya ƙaryata hakan tun 1964, sannan binciken tagwaye da aka yi a Ingila a 1977 ya nuna gado na da hannu sosai. To mu fa? A wurinmu cewa ake ta fita da magariba da tsohon ciki, ko ta watsa ruwan zafi a tsakar gida ba bismilla. Bature da digirinsa, tsohuwa da sandarta, duk yatsa ɗaya suka nuna, kuma mace ce a ƙarshensa.

Masu koyar da ɗabi'a sun shigo fagen ne a shekarun 1960, ta hannun Ivar Lovaas na jami'ar Kalifoniya. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. A ɗauki abu ɗaya, misali shan ruwa da kofi, a gutsuttsura shi: duba kofin, miƙa hannu, ɗauka, kaiwa baki. Duk matakin da yaro ya yi a ba shi abin da yake so nan take, a rubuta, gobe a maimaita. Wannan ce hanyar da ake kira ABA. A 1987 Lovaas ya ba da rahoton cewa cikin yara 19 da aka koyar awa 40 a mako, 9 sun shiga aji ɗaya da sauran yara. Iyaye suka yi ca a kai. Sai dai farkon aikin nasa ya haɗa da tsawa da mari da jona wa yaro lantarki, kuma mujallar Life ta buga hotunan a 1965. Yau akwai manya masu galahanga da ke cewa an horar da su ne su ɓoye halittarsu don kawai a ji daɗin kallonsu. Hanyar ta sauya ƙwarai, ta koma cikin wasa da ayyukan gida, amma wanda zai miƙa ɗansa ya kamata ya san inda ta fito.

Mu ma muna da namu tarihin na mari, kuma namu na ƙarfe ne. Dokar mahaukata ta 1916 da Turawa suka kafa, wadda aka sabunta a 1958, tsarewa ta sani ba magani ba, kuma ita ta zauna daram har Janairun 2023 da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sasari a ƙafa, ciki har da yara. Daga nan aka bi gidajen mari na Katsina da Kano. Mafi yawan waɗanda ke ciki iyalansu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don ba su ga wata ƙofa a buɗe ba.

Amma a ƙasar nan aka taɓa gwada akasin haka, har duniya ta zo koyo. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abekuta: majinyaci zai sauka a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, tare da ɗan'uwansa, uwa ko 'yar'uwa, da rana ya zo a duba shi, da dare ya koma cikin mutane. Lambo bai kori masu maganin gargajiya ba, ya yi aiki da wasunsu. Majinyatansa galibi manya ne, ba yara masu galahanga ba. Duk da haka a ganina ma'aunin da uwa 'yar Kiru ko Bebeji take buƙata yana nan: duk wanda zai taɓa ɗanki, ke kina ina a lokacin?

Don haka wanda ya ce a bar masa yaro a rufe ƙofa, a guje shi, ko da rigar asibiti ce a jikinsa ko rawani. Haka wanda ya yi alƙawarin warkewa cikin kwana arba'in, domin galahanga ba zazzaɓi ba ce, yaro da ita zai girma. A tambaye shi me zai koya wa yaron a watan nan, me zai yi in yaro ya ƙi, kuma ina takardar da yake rubuta ci gaba. Masu gyaran magana da masu koyar da ayyukan yau da kullum suna rajista da hukumar MRTB, ana iya neman ganin shaidarsu. Kafin duk wannan a auna kunnen yaron, don kurumta ma kan hana magana, kuma maganarta daban ce.

Bari in ɗan ratse zuwa gare mu. Dolon unguwa da muke sakawa a labari don mai karatu ya yi dariya, wanda ke jera murafan kwalba tun safe, bai taɓa samun babi nasa ba. Kalmar galahanga ita kanta mun cusa mata kaya da yawa, har wanda aka haifa da shanyewar gaɓoɓi ma da ita ake kiransa, alhali lalurorin ba ɗaya ba ne.

Awa 40 a mako irin ta Lovaas ba za ta yiwu ga manomin rani na bakin madatsar Tiga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da lalurar, ta fitar da wani shiri na koyar da iyaye: zama 9 a ƙungiyance da ziyarar gida 3, kuma ma'aikacin lafiya wanda ba ƙwararren likita ba zai iya jan ragamarsa. An gwada shi a Habasha. Kayan aikinsa wanka ne da cin abinci da wasan yaro, uwa ce ke yi, ma'aikacin yana gefe yana gyara mata.