Ƙirƙirarriyar basira: abin da mai koyo da kansa a Garwa ya kamata ya sani

Ƙirƙirarriyar basira, wadda ake taƙaitawa da IA a Faransanci, AI kuma a Ingilishi, fasaha ce da ke bai wa kwamfuta damar yin rubutu, fassara, gane hoto da amsa tambaya. Ta daɗe a ɗakunan bincike, amma jama'a sun san ta ne bayan kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwamban 2022.

Tushen manhajojin yau yana cikin wata dabara da masu binciken Google suka wallafa a 2017, mai suna Transformer. Ana ciyar da kwamfuta tarin rubutu har ta iya hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Wannan ne ya sa take rubutu mai daɗin karantawa, kuma shi ne ya sa take iya ƙirƙiro sunan littafi ko kwanan wata da babu su, ta faɗe su kamar gaskiya. Wanda ya gane wannan ya riga ya fahimci rabin labarin.

Bayan ChatGPT sai aka shiga tsere. A 2023 Meta ya fitar da Llama, Anthropic ya fitar da Claude, aka kuma kafa kamfanin Mistral a Faransa. Google ya sauya wa Bard suna zuwa Gemini a Fabrairun 2024. A Janairun 2025 kamfanin DeepSeek na China ya girgiza kasuwa da manhajar R1. A Kamaru kuwa, Meta AI ya fara aiki a Yulin 2024, kuma ana samun sa cikin WhatsApp, abin da ya kai shi hannun ɗan kasuwa da ɗalibi ba tare da sauke wata manhaja ba.

Batun harshe ne ya fi shafar arewacin Kamaru. Manhajojin sun ƙware a Faransanci da Ingilishi saboda yawan rubutunsu a intanet. Hausa tana biye daga nesa, duk da cewa ta shiga Google Translate tun Disambar 2013. Fulatanci, harshen kasuwa daga Ngaundere zuwa Marwa, sai a Yunin 2024 ya shiga, kuma karin harshen ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Don haka fassarar da ta shafi magani, kwangila ko maganin feshin auduga tana buƙatar idon wanda ya iya harshen kafin a yi aiki da ita. Masu bincike na ƙungiyar Masakhane, da aka kafa a 2019, da na HausaNLP suna tattara rubutun harsunan Afirka don cike wannan giɓi, kuma ƙofarsu a buɗe take ga masu sa-kai.

Ga mai farawa, Faransanci jari ne. Darasin Elements of AI na Jami'ar Helsinki, wanda aka fara a 2018, kyauta ne kuma akwai shi da Faransanci. Haka ma Objectif IA na OpenClassrooms. Dukansu ba sa buƙatar iya rubuta manhaja. Mai son zurfafawa sai ya koyi Python da ɗan lissafi, ya gwada aikinsa a Google Colab, inda injinan kamfanin ke ɗaukar nauyin lissafin, ko da kwamfutarsa tsohuwa ce. Dandalin Zindi kuma yana shirya gasanni kan matsalolin Afirka.

Cikas ɗin dai sananne ne: tsadar data da ɗaukewar wuta, musamman idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya a rani. Darasi na rubutu ya fi na bidiyo sauƙin kuɗi, kuma ana iya sauke shi a karanta daga baya. Jami'ar Garwa, da aka kafa a Janairun 2022, da takwarorinta na Marwa da Ngaundere wurare ne na samun abokan karatu.

Tun Disambar 2024 Kamaru tana da dokar kare bayanan sirri na mutane. Sanya takardar asibitin wani ko lambar katin shaidarsa cikin irin waɗannan manhajoji na nufin aika su ga kamfanin da ke wajen ƙasar.