Tsohuwar Landiroban Baba da tarihin masu ƙera ta

 

Yau maganar wata tsohuwar mota zan yi, wadda ke fake a bayan gidanmu tun ƙarshen shekarar 2016, har kaji suna yin ƙwai a ƙarƙashinta. Land Rover ce, mu dai tun muna yara Landiroba muke ce mata. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da aka zo lissafin abin da ya bari domin rabon gado, sai aka sanya ta a ciki. Yayanmu ya kira 'yan gwangwan suka zo suka zagaya ta, ko bonet ba su buɗe ba. Ɗaya ya ƙwanƙwasa ƙofar da yatsa, ya dubi ɗan uwansa ya ce, "Alminiyan ne." Nan take suka yi mata kuɗi a kan kilo. Za a sare ta, jikin ya tafi wajen masu zubin tukwane, ƙarfen ya tafi inda ake narka rodi.

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Na roƙi Yaya ya ba ni wata ɗaya. A cikin watan nan na shiga karance-karance a kan wannan mota, domin in san me ya sa aka yi jikinta da alminiyan, kuma me ya sa motar da a da ta cika dazuzzukanmu yanzu sai a bayan gida ake ganinta. Ga abin da na samu.

Asalin motar

Kamfanin Rover na ƙasar Ingila motocin alfarma yake ƙerawa kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Da yaƙi ya zo, jiragen Jamus suka ragargaza masana'antarsa da ke birnin Coventry a shekarar 1940. Bayan an gama yaƙi sai kamfanin ya koma wata babbar masana'anta a garin Solihull, inda a da ake haɗa injinan jiragen yaƙi. Ga fili, ga ma'aikata, amma babu ƙarfe. Gwamnatin Ingila ce ke raba ƙarfe a lokacin, kuma kamfanin da ke sayar da kaya a ƙasashen waje yana kawo kuɗin shiga shi ake fifitawa. Motocin Rover kuwa ba su da kasuwa sosai a waje.

Wasu 'yan uwa biyu ne ke riƙe da kamfanin: Spencer Wilks shi ne manajan darakta, ƙanensa Maurice Wilks shi ne babban injiniya. Maurice yana da gona a tsibirin Anglesey da ke yankin Wales, yana aiki a cikinta da wata tsohuwar jif ta sojan Amurka, ragowar yaƙi. Jif ɗin nan ita ce ta ba shi shawara. A shekarar 1947 ya zana siffar wata mota a kan yashin bakin teku, mota ta manomi, wadda za ta ja garma da safe, ta kai kaya kasuwa da yamma. Ta farko da suka haɗa domin gwaji a kan shasin jif aka ɗora ta, sitiyarinta ma a tsakiya yake kamar na tarakta.

Tunda ƙarfe ya yi wuya, sai suka yi shasi da ƙarfe, jiki kuma da alminiyan, wanda ya fi sauƙin samu a wancan lokaci. Suka yi jikin falle-falle a miƙe domin kada a kashe kuɗi wajen injinan lanƙwasa. Fenti ma ragowar koren fentin jiragen soja suka samu, shi ya sa motocin farko duk kore ne. Da babu gara ba daɗi.

Ranar 30 ga Afrilu 1948 aka nuna ta ga duniya a bajekolin motoci na birnin Amsterdam, farashinta fam 450, injinta lita 1.6 mai shan fetur. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, su masu kamfanin wucin gadi suka ɗauke ta, a yi shekara biyu ko uku ana sayarwa kafin kasuwar motocin alfarma ta dawo. Cikin 'yan shekaru sai ga ta ta fi motocin alfarmar ciniki. Da na karanta wannan sai na tuna kakanmu, wanda ya zo Badun da niyyar sarin goro na kaka ɗaya ya koma gida. Ga mu nan jikoki har yau a Sabo.

Yadda ta yi ta girma

Manoma suka saya, sojoji suka saya, 'yan sanda da ma'aikatan lafiya da masu safiyo da 'yan mishan duk suka saya. A shekarar 1955 wasu ɗalibai shida na jami'o'in Oxford da Cambridge suka tashi daga Landan a Land Rover biyu, suka isa Singafo a 1956. A 1957 aka fito da mai injin dizal. A 1958 aka fito da samfuri na biyu, Series II, mai injin fetur lita 2.25, injin da ya daɗe ana amfani da shi. A 1970 aka haifi Range Rover, a 1971 kuma samfuri na uku, Series III. A 1976 aka cika mota miliyan ɗaya.

Tamu Series III ce, doguwar, wadda ake kira 109, wato inci 109 tsakanin tayar gaba da ta baya. Baba ya saye ta ne a gwanjon tsofaffin motocin gwamnati tun ba a haife ni ba. Safaya tana kan bonet. Ƙarƙashin gilashin gaba akwai 'yan tagogi biyu da ake turawa iska ta shigo, su ne na'urar sanyaya wuri. Kusa da giya akwai sanduna biyu ƙanana, ɗaya mai kai rawaya, ɗaya mai kai ja. In ka danna rawayar, tayoyi huɗu duka su kama aiki. In ka jawo jar baya, motar ta koma tafiyar hawainiya amma da ƙarfin ingarma. In batir ya mutu, akwai hannun ƙarfe da ake zurawa ta gaba a murza inji ya tashi.

Abin da na gani da idona

A daminar 2011, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, Baba ya tafi da ni sarin goro wani ƙauye da ke can cikin daji bayan Ile-Ife. Wanda bai san jar ƙasar Kurmi lokacin ruwa ba, ba zai gane ba, santsi ne kamar an zuba miyar kuɓewa. A hanyar dawowa muka tarar da wata sabuwar a-kori-kura ta nutse a taɓo har zuwa ƙofa, mutane sun kewaye ta suna ta ihu da Yarabanci. Baba bai ce komai ba, ya sauka ya ɗaura igiya, ya dawo ya jawo jar sanda. A hankali, a hankali, sai ga motar ta fito. Mai ita ya durƙusa har ƙasa yana godiya, Baba ya ba shi goro biyu muka wuce.

Ba mu yi nisa ba, a kan wani hawa, sai muka ji ƙas daga baya. Inji yana ta kuka, mota ba ta motsi. Sandar da ke juya tayar baya ce ta karye. Na fara hawaye, domin magariba ta kusa, ga daji, ga huhunan goro na kuɗin mutane. Baba ya dube ni ya ce, "Kai yaro, share hawayenka. Laifina ne, jaki ma in ka ɗora masa kayan raƙumi sai ya kwanta." Gaskiya ne, mun yi mata lodi fiye da kima. Ya danna rawayar sanda, tayoyin gaba suka ɗauki aikin su kaɗai, muka lallaɓo har Badun cikin dare. Washegari wani makanike Bayarabe, abokin Baba na shekaru, ya zare karyayyar sandar ya sa wata kafin azahar, da sifana da guduma kawai. Yana aiki yana cewa, "Alhaji, wannan mota ba ta mutuwa, sai dai ta suma."

Wannan shi ne sirrinta a wajen duk wanda ya taɓa mallakarta. Tana da ƙara, ba ta da gudu, tana shan mai, zamanta kuma kamar kan benci. Amma komai nata a fili yake, da kusoshi aka ɗaure, mai ita yana iya kwancewa ya mayar.

Yadda kasuwa ta kuɓuce

To, me ya kawar da ita daga hanyoyinmu? A 1967 kamfanin Leyland ya haɗiye Rover, a 1968 aka yi babbar haɗakar British Leyland. Wannan haɗaka ta yi fama da yajin aiki da asara har gwamnatin Ingila ta karɓe ta a 1975. Land Rover tana kawo riba, amma ribar tana tafiya wajen toshe ramukan wasu sassa. Motar da ake sayarwa a ƙarshen shekarun 1970 ba ta da wani babban bambanci da ta 1958. Mai saye kuma sai ya yi ta jira kafin a kawo masa.

A daidai wannan lokaci mutanen Japan ba barci suke yi ba. Toyota ta fara tata jif a 1951, ta raɗa mata suna Land Cruiser a 1954, ta fito da samfurin 40 a 1960, Hilux kuma a 1968. Injinsu ya fi girma, kayan gyara suna isowa da wuri, dillalansu suna bin masu saye har gida. Sannu a hankali suka ƙwace Ostireliya da Gabas ta Tsakiya da Afirka. A 1987, da sojojin Chadi suka fatattaki na Libiya a arewacin ƙasarsu, a kan a-kori-kurar Toyota suka yi, har aka raɗa wa yaƙin sunan kamfanin. A nan gida kuma, Leyland ta buɗe masana'antar haɗa manyan motoci a Badun a ƙarshen shekarun 1970, amma faɗuwar kuɗin mai da karyewar naira daga 1986 suka durƙusar da ita, kayan gyara na Ingila suka gagari talaka.

Kamfanin ya farka, sai dai a makare. A 1983 ya fito da samfurin 110 mai sifirin nadi maimakon na falle, a 1984 ya fito da 90, a 1989 Discovery, a 1990 kuma aka sa wa tsohon zubin suna Defender. Shi kansa kamfanin ya yi ta sauya iyayengiji: British Aerospace a 1988, BMW ta Jamus a 1994, Ford ta Amurka a 2000, sannan Tata Motors ta Indiya a 2008, wadda ta saye shi tare da Jaguar a kan dala biliyan 2.3. Mai karatu ka duba ikon Allah, ƙasar da Ingila ta mulka ita ce ta zo ta sayi abin alfaharinta.

Ranar 29 ga Janairu 2016 aka ƙera Defender ta ƙarshe ta tsohon zubi a Solihull, bayan an yi fiye da miliyan biyu tun daga 1948. Sabuwar da aka nuna a 2019 a ƙasar Sulobakiya ake haɗa ta, cike take da kwamfuta, mota ce ta masu hali. Kamfanin yana raye, amma ya bar manomi da ɗan kasuwar ƙauye, ya koma wajen masu alfarma inda Rover ya fito tun farko.

A wannan shekara ta 2016 ɗin ce, cikin watan Mayu, litar fetur ta tashi zuwa naira 145 a Najeriya. Idon Baba ya fara rauni, 'yan acaɓa kuma sun riga sun fara fito da goro daga ƙauyuka zuwa bakin titi. Kafin ƙarshen shekara ya fake motar ya rufe ta da tampol.

Inda muka tsaya

Abin da na ɗauka daga wannan tarihi, a matsayina na ɗan mai sayar da goro, shi ne suna ba ya riƙe kasuwa. Mu ma nan Sabo muna da gidajen da a da ba a sayen huhu ɗaya sai an bi ta hannunsu, yau sai labari, domin sun zauna suna jiran masu saye su zo kamar yadda suka saba, wasu kuma suka ɗauki waya suka bi su har gida.

Wata ya cika a makon jiya. Na je na sami Yaya na ce a sanya motar cikin rabona, a kan kuɗin da 'yan gwangwan suka yi mata. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka yi tunani dai, kada gobe ka ce mun cuce ka. Kuɗi ne za ka iya ƙara jari da su." Ban ga laifinsa ba, yana da iyali, ga kuɗin makarantar yara, kuma a lissafin kasuwa shi ne mai gaskiya.

Na ɗauko ɗan wancan makanike, domin uban ya tsufa. Ya shiga ƙarƙashi ya ce tsatsa ta ci shasin ta baya, sai an yi walda, tayoyi huɗu duk sun ruɓe, amma jikin lafiya lau. Ya zura hannun ƙarfen nan ya murza, inji ya juya. Bai tashi ba tukuna, amma ya juya. Na fara tara kuɗin taya, ɗaya bayan ɗaya. In Allah ya sa ta tashi, tafiyar farko maƙabarta za mu je da ita mu yi wa Baba addu'a.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a nemanmu. Wassalam.