Lambobi Masu Ƙaunar Juna: Daga 220 zuwa Miliyan Tara

Masana lissafi na da can sun kasa lambobi gida uku, gwargwadon lambobin da ke raba su daidai ba saura. Ana tattara masu raba lamba, ban da ita kanta, a haɗa su. In jimillar ta yi daidai da lambar, kamar 6 da ke fitowa daga 1, 2 da 3, to kammalalliya ce. In ta gaza, lambar mai giɓi ce. In ta zarce, mai rara ce.

Daga wannan rabon aka gano wani abu mai ban mamaki. Masu raba 220 su ne 1, 2, 4, 5, 10, 11, 20, 22, 44, 55 da 110, jimillarsu 284. Masu raba 284 kuwa, wato 1, 2, 4, 71 da 142, jimillarsu 220 cif. Irin waɗannan ake kira masu ƙaunar juna. Girkawa sun danganta sanin su ga almajiran Fisagoras, amma ba su wuce waɗannan biyun ba. Ibn Khaldun ma ya ambata a Muƙaddima cewa masu ɗalasimai suna amfani da su don ƙulla soyayya.

Wanda ya mai da zancen ilimi shi ne Sabit ibn Ƙurra, mutumin Harran da ya rasu a Bagadaza a 901. Ya fitar da ƙa'ida tare da hujjarta: daga ninke-ninken 2 ake gina lambobi uku, in dukansu ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya, to an sami masu ƙaunar juna. A matakin farko 5, 11 da 71 ke fitowa; 4 sau 5 sau 11 ya ba da 220, sannan 4 sau 71 ya ba da 284. Aikin ya cancanci yabo, domin ya fitar da neman daga laluben duhu.

Ƙa'idar dai ba ta faye haihuwa ba. Sai wajen ƙarni na 14 Kamaluddin al-Farisi ya nuna 17,296 da 18,416, waɗanda ke fitowa daga 16 sau 23 sau 47, da 16 sau 1,151. A ƙarni na 17 Muhammad Baƙir Yazdi na Farisa ya kai ga 9,363,584 da 9,437,056. Kafin ya amince da su, dole ya tabbatar, da alƙalami kawai, cewa 73,727, ɗaya daga lambobi ukun da ƙa'idar ta gina, ba ta rabuwa sai da kanta da ɗaya. Fermat a 1636 da Descartes a 1638 sun sake gano waɗannan lambobin, littattafan Turai kuma suka daɗe suna jingina su gare su, alhali an riga su.

Euler ya faɗaɗa ƙa'idar a tsakiyar ƙarni na 18, ya samo wajen tagwaye sittin. Duk da haka manyan nan sun tsallake 1,184 da 1,210, waɗanda ke bi wa 220 da 284, domin ƙa'idar Sabit ba ta biyowa ta kansu. Wani yaro ɗan Italiya mai shekara 16, Nicolò Paganini, shi ya tsinto su a 1866.

Da kwamfuta yanzu an san tagwaye fiye da biliyan ɗaya. Har yau ba a kafa hujjar cewa ba su da iyaka ba, ba a kuma sami tagwayen da ɗaya ke rabuwa biyu daidai, ɗayar ba ta rabuwa ba.