Asalin Hotunan Waliyyai

Duk wanda ya saba bin hanyar Gagarawa zuwa Gumel, ko ya ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ba zai rasa ganin hoton wani dattijo ba, manne a bangon shago ko a gilashin mota. Yana sanye da fararen tufafi, ga barewa tsaye a gefensa. In ka tambaya, sai a ce maka Shehu Ahmadu Tijjani ne. Akwai kuma wani mai zaki kwance a gabansa, shi ne Sidi Abdulƙadir.

To, waɗannan hotuna ba na'ura ce ta ɗauke su ba. Sidi Abdulƙadir ya rasu a Bagadaza a 1166, Shehu Tijjani kuwa a Fas a 1815, alhali kyamara ba ta shiga hannun jama'a ba sai 1839. Masu zane ne suka ji labarin karamominsu, suka siffanta su da alƙalami.

Zana karamomi tsohuwar al'ada ce wurin Kiristocin Turai. A 1563 manyan Katolika da suka taru a garin Tirento suka yanke cewa a ci gaba da zana waliyyansu don karantar da jama'a. Wajen 1618 wani gwani mai suna Rubens ya zana wani babban malaminsu, Ignatius Loyola, yana warkar da masu iska. Ga mace tana fizge-fizge an rirriƙe ta, ga wani ya faɗi ƙasa yana shure-shure, Ignatius kuwa ya ɗaga hannu, shaiɗanu na gudu.

Namu kuwa ta wata hanya suka zo. A 1796 wani Bajamushe ya gano dabarar buga zane da dutse. Da dabarar ta isa Alƙahira da Tunis, sai aka shiga buga hotunan waliyyai masu launi da araha, alhazai da fatake suka riƙa yo tsarabarsu. Daga baya aka haɗa da na Shehu Ibrahim Inyas, wanda ya rasu a 1975. Shi kam nasa ɗauka ne na gaske.

Malamai sun sha bamban kan rataya su, wasu na hanawa, masoya na cewa tabarruki ne. Amma duk sun haɗu a kan cewa takarda ba ta warkarwa, waraka ta Allah ce.