Mutum 16 da Suka Ƙi Guje wa Marasa Lafiya: Tarihin TASO a Uganda



A shekarar 1986 wani ɗan Uganda mai suna Christopher Kaleeba ya kwanta ciwo a garin Hull na Ingila, inda yake karatu. Gwaji ya nuna ƙanjamau ce. Ya dawo gida Kampala, matarsa Noerine, ma'aikaciyar lafiya a asibitin Mulago, tana jinyarsa. A lokacin babu magani, tsoro kuma ya sa har masu aikin asibiti suna ɗari-ɗari da irin waɗannan majinyata. Ya rasu a Janairun 1987.

A shekarar ce Noerine da wasu mutum 15, masu ɗauke da cutar da masu jinyar danginsu, suka fara haɗuwa suna ƙarfafa juna, suna ziyartar waɗanda kowa ya guje wa. Haka aka kafa ƙungiyar TASO. Da yawa cikinsu ba su daɗe ba suka rasu, amma aikin ya ci gaba. Aka buɗe cibiyoyi a Masaka, Mbarara, Jinja, Tororo, Gulu da sauran garuruwa. A 1992 Gideon Byamugisha, limamin ikilisiyar Angilika a Uganda, ya fito fili ya ce shi ma yana ɗauke da cutar, abin da ya buɗe bakin masu bi da yawa.

Bayan Amurka ta ƙaddamar da shirin PEPFAR a 2003, TASO ta fara raba maganin rage kaifin cutar a 2004. Sai tambaya ta taso: ƙauyuka suna nesa, likitoci kaɗan ne, yaya magani zai kai ga kowa? A Jinja aka yi bincike tare da masana daga Birtaniya. Wasu majinyata suna zuwa asibiti, wasu kuma ma'aikata da aka horar, waɗanda ba likitoci ba, suna kai musu magani gida a kan babur. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2009 ya nuna na gida sun samu lafiya kamar na asibiti, kuma sun huta da kuɗin mota. Ziyarar da mutum 16 suka fara saboda ƙauna ta zama hanyar da bincike ya tabbatar.

A Markus sura 1, Yesu ya taɓa kuturu kafin kuturtar ta rabu da shi. TASO ma ta yi shekara 17 tana riƙe hannun marasa lafiya kafin ta sami maganin ba su.

Yau akwai magani, amma ƙyama tana nan. Wataƙila a zumuntarmu akwai ɗan'uwa da ke ɓoye ƙwayoyinsa, har ya tsallake sha, don tsoron bakinmu. Ku je ku yi gwaji, ku riƙe asirin juna, ku ziyarci marar lafiya.

Ya Ubangiji, ka ba mu zuciyar da ba ta gudun ɗan'uwa. Amin.