Gani da Ji: Labaran da ke Bayan Tsofaffin Finafinan Nijar

Akan yi dace wani dare, bayan an ƙare labarun duniya, gidan talabijin ya sako ɗaya daga cikin tsofaffin finafinan ƙasarmu. Hoton baƙi da fari ne, ko kuma launinsa ya koɗe, murya na fitowa da ƙyar kamar daga cikin rijiya. Yara sukan yi dariyar wanduna da manyan tabarau na mutanen wancan zamani, su nemi a juya zuwa tashar da ke nuna dandalin soyayya ko fim ɗin Indiya. Dattijon gida ne kaɗai yakan gyara zama, don ya gane wata unguwa ta Yamai tun ba a zuba mata kwalta ba. Idan fim ya ƙare sai a shiga wani shiri, ba a faɗa wa mai kallo wanda ya yi shi ba, balle shekarar da aka yi shi ko wahalar da aka sha.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Game da waɗannan finafinai kam, gani kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da ji. Kowanensu yana da labarin da ba ya fitowa a allo, kuma idan aka jera labaran sai a tarar suna faɗin abu guda: waɗanda suka kafa sinimar Nijar ƴan kallo ne tun farko, mutanen da suka ƙoshi da hotunan wasu har suka ga ya kamata su nuna nasu.

Ya kamata mu tuna cewa ba don akwatin talabijin aka yi yawancinsu ba. Talabijin ya shigo Nijar a 1964 a matsayin kayan koyarwa cikin azuzuwan firamare, kuma sai a 1979 aka buɗe Télé Sahel don jama'a baki ɗaya. Kafin nan, mai son kallo sai ya sayi tikiti ya shiga gidan sinima marar rufi, irin su Rex da Vox a Yamai, ya zauna kan benci yana kallon kaboyi da ƴan fashin Amurka da mawaƙan Indiya. A kan irin wannan benci ne labarinmu ya soma.

Ɗan dakon Abijan

An haifi Umaru Ganda a Yamai a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin. Da ya dawo gida bai samu aiki ba, sai ya bi sahun dubban ƴan ƙasarmu zuwa kurmi, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan. A can ya gamu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi da gadoji, daga baya ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim. Rouch yana binciken rayuwar ƴan ci-rani, ya ɗauki Ganda aikin tambayoyi, sannan ya sa shi gaban kyamara tare da abokansa na unguwar Treichville. Abin da ya fito shi ne Moi, un noir, wato "Ni, baƙar fata", a 1958.

Abubuwa biyu ne mai kallo a gida ba zai sani ba sai an faɗa masa. Na farko, sunayen da samarin suke amsawa cikin fim ɗin sunayen taurarin sinima ne na ƙasashen Turawa: Ganda shi ne Edward G. Robinson, wani Eddie Constantine, wani Tarzan, budurwar kuma Dorothy Lamour. Mutanen da ke kwana cikin ɗakin haya ba su san abin da za su ci gobe ba, sun ari sunayen waɗanda suke gani a allo su rufe talaucinsu. Na biyu, ba a ɗauki murya tare da hoto ba. Kyamarar Rouch ƙarama ce, ta wani da hannu, ba ta jin magana. Sai bayan an haɗa hotunan aka zaunar da Ganda yana kallo yana faɗin abin da ya zo bakinsa. Yawancin zancen zucin da ake ji, da ɗacin tsohon sojan da ya yi yaƙin wasu ya dawo hannu wofi, nasa ne. Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa, kuma matasan masu shirya fim na can, irin su Jean-Luc Godard, sun yaba shi sun kuma koyi darasi daga gare shi.

Ganda bai tsaya a matsayin wanda wani ke nunawa ba. Bayan ya komo Yamai ya koyi aikin, ya shirya Cabascabo da Zabarmanci, shi ne kuma babban ɗan wasa a ciki: tsohon soja ya dawo daga Indoshin da ƴan kuɗinsa, abokan cin mushe suka kewaye shi, da kuɗi suka ƙare kowa ya watse. An nuna shi a bikin finafinai na Cannes a 1969. Wanda ya kalli finafinan nan biyu a jere zai ga mutum ɗaya da rayuwa ɗaya, amma a na biyun shi ke riƙe da linzami. A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame, labarin wani alhaji da ya ƙwace budurwar wani saurayi ya yi ta ta uku, ya zama na farko da ya taɓa cin Ingarman Yennenga, babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Babban gidan raya al'adu na Yamai yana ɗauke da sunansa, haka ma kyautar da FESPACO ke bai wa wanda ya yi fice da dogon fim ɗinsa na farko. Matasa nawa ne ke shiga wannan gida kallon wasa ba su taɓa ganin fuskar mai sunan ba?

Kaboyi a bakin kogi

Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, makanike ne mai hannun zane. Tun bai taɓa riƙe kyamara ba yake haɗa wa mutane wasan inuwa da fitila da hotunan da ya zana. Fim ɗinsa na 1962 sunansa da Hausa yake, Aure, ko da yake bikin Zabarmawa na bakin kogi yake nunawa. Ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren, gwanin hotuna masu motsi, ya dawo ya yi ta zana kwaɗi. A Bon voyage Sim na 1966, kwaɗo ne shugaban ƙasa, ana yi masa fareti da bushe-bushe zai tafi ziyarar aiki. Shekara shida kacal da samun mulkin kai, ga wani ya sami hanyar yi wa shagulgulan masu mulki dariya ba tare da ya kama sunan kowa ba.

A wannan shekara ce kuma ya fitar da Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da tufafin kaboyi da huluna da bindigogi, ya raba wa abokansa. Suka canza sunaye, wannan Black Cooper, wancan Billy Walter, suka saci dawaki, suka hana garinsu sakat, har wasa ya kai ga zubar da jini. Yaran yau sukan ɗauka kwaikwayo ne da bai yi kyau ba. Alhali kwaikwayon shi ne abin da Alasan yake tuhuma: me ke samun saurayin da ya kalli hoton wasu har ya manta da nasa? Wannan tambaya ba ta tsufa ba, sai dai akwatin ya ƙanƙance ya koma wayar hannu. Cikin samarin nan akwai Jingarai Maiga, wanda daga baya ya zama mai shirya fim da kansa, ya kuma riƙa sa kalmar "baƙi" cikin sunayen finafinansa, tun daga L'Étoile noire.

Mace ɗaya ce cikin ƴan kaboyin, Zalika Sule, tana ƴar shekara 19. Ta ci gaba da fitowa a finafinan Ganda da na Alasan, sau da yawa a matsayin kishiya mai mugun nufi ko mace marar kamun kai. Mutanen gari da yawa ba su raba wasa da gaskiya ba, ta sha zagi da tsangwama saboda halin da ba nata ba. Rahmatu Keita ta ba da tarihinta cikin fim ɗin Al'lèèssi, inda aka ga tauraruwar da ta wakilci Nijar a bukukuwan duniya tana zaune cikin rashi. Ta rasu a 2021. Duk wanda zai nuna wa ɗalibai fim ɗin da take ciki, haƙƙinta ne a kansa ya faɗi wannan.

Sunan da mutum huɗu suka haɗa

Fim ɗin da ya fi sa iyali dariya idan ya zo shi ne Cocorico Monsieur Poulet na 1974: mutum uku cikin wata tsohuwar mota ƙirar 2CV suna yawon sayen kaji a ƙauyuka, motar na mutuwa suna tayar da ita da dabara, har ta kai su kwance ta don su ƙetare kogi. A farkon fim ɗin an rubuta cewa Dalaruta ne ya shirya shi. Babu wani mutum mai wannan suna. Gaɓoɓin farko ne na sunayen abokai huɗu: Damure Zika, Lam Ibrahim Dia, Rouch da Tallu Muzuran. Ba su rubuta zance ba, suna tafiya suna ƙirƙira, kuma lalacewar motar ta gaske takan zama wani ɓangare na labarin. Wannan abota ta daɗe har ƙarshe. Ranar 18 ga Fabrairu 2004 Rouch ya rasu cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙwanni, yana da shekara 86, Damure Zika da Mustafa Alasan suna cikin motar tare da shi. A Yamai aka binne shi. Alasan, wanda ya yi shekarunsa na ƙarshe a Tawa, ya rasu a 2015, kuma a 2024 aka mayar da sunansa kan cibiyar al'adu ta Yamai da a da take ɗauke da sunan Rouch.

Sarauniyar da ba ta yi Hausa ba

Akwai fim ɗaya da ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, shi ne Sarraounia na Med Hondo, ɗan Muritaniya, wanda ya fito a 1986. An ɗauko shi daga littafin Abdullahi Mamani na 1980, kan Sarauniya Mangu ta Lugu da ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu 1899, rundunar da ta bar kango da gawawwaki a Birnin Ƙwanni da garuruwan da ke kan hanyarta, kafin sojojinta su kashe shugabannin nasu a yankin Tasawa cikin Yulin wannan shekara. Mai kallo a Dogon Dutsi ko Maraɗi yakan yi mamaki: ga labarin gida, amma ƙasar da ake gani ba tamu ba ce, Sarauniya kuma ba Hausa take yi ba. Dalili shi ne an shirya ɗaukar fim ɗin a Nijar, sai hukumomin lokacin suka janye ana dab da farawa. Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ce ta karɓe shi, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya. Ya ci Ingarman Yennenga a 1987. Ashe bayan fim ɗin akwai darasi na biyu, kan yadda ƙasa ke iya jin nauyin tarihinta har ta bar maƙwabta su ba da shi.

Abin da ya rage gare mu

Gidajen sinima na da sun rufe ɗaya bayan ɗaya, kaset da faifai da waya suka maye gurbinsu. Tun daga 1990 finafinan Kano suka cika gidajenmu, kuma ba laifi ba ne, da harshenmu suke magana. Amma yaron da ya san ƴan wasan Kano ɗaya bayan ɗaya, ya kamata ya san cewa shekaru kusan talatin kafin nan ƴan ƙasarsa sun riga sun riƙe kyamara. Kwafi masu kyau na da yawa daga cikin finafinan nan suna ajiye a Paris, kuma a 2017 wani babban gidan adana kayan fasaha na New York ya keɓe kwanaki don nuna ayyukan Alasan. Abin kunya ne baƙo ya fi ɗan gida sanin abin da ke cikin rumbu.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Gidan talabijin zai iya ba da minti biyar kafin fim, wani masani ya faɗi da Hausa da Zabarmanci wanda ya yi shi da abin da ya sa. Malamin tarihi zai iya haɗa darasin yaƙin Indoshin da Cabascabo, darasin ci-rani da Moi, un noir, darasin shigowar Turawa da Sarraounia. Ƙungiyoyin raya al'adu na Maraɗi da Damagaram da Tawa za su iya kafa farin ƙyalle a gidan matasa, su gayyato dattawan da suka zauna kan bencin sinima su faɗi abin da suka gani, a kuma rubuta shi tun suna da rai. Waɗanda suka yi finafinan nan sun fara ne da kallo, sannan wani ya buɗe musu ido. Wataƙila cikin yaran da ke dariyar wandunan nan akwai wani Ganda, yana jiran wanda zai ba shi labari.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.